Babban dutse a bututun maɗaciya: tambayoyi da amsoshi kan cire shi ta baki

Tambayoyin da 'yan uwan majiyyaci ke yi mana a sashen cututtukan ciki da hanta kusan iri ɗaya ne, ko daga Gwagwalada suka zo, ko Kubwa, ko Nyanya, ko maƙwabtanmu na Suleja da Mararaba. Galibi a tsaye ake yin su a baranda, hankali a tashe, likita kuma na sauri, sai a koma gida da rabin amsa. Shi ya sa na tattara su a nan na amsa su a tsanake. Wannan ba zai maye gurbin likitan da ya ga mara lafiyarku da idonsa ba, amma zai sa ku san abin da za ku tambaye shi.

An ce mahaifiyata tana da dutse a bututun maɗaciya. Wane bututu ne wannan, kuma ta ina dutse ya shiga?

Allah ya ba Hajiya lafiya. Ba daga abinci dutsen ya shiga ba, ba kuma tsakuwar shinkafa ba ce kamar yadda wasu ke zato. A cikin jiki yake haɗuwa.

Hanta na samar da ruwan ɗaci kullum, daga rabin lita zuwa sama, domin narkar da maiƙon abinci. Maɗaciya, wadda wasu ke kira matsarmama, 'yar jaka ce a ƙarƙashin hanta da ke ajiye wannan ruwa. Daga hanta da maɗaciya ruwan yana gangarowa ta wani siririn bututu, wanda faɗinsa a lafiyayyen mutum bai cika wuce milimita 6 ba, ya zuba a farkon ƙaramin hanji. A bakin bututun akwai wani zoben nama da ke buɗewa yana rufewa, kuma a daidai nan ne bututun fankiriyas, gaɓar nan da ke samar da insulin, shi ma yake zubowa. Ku riƙe wannan, domin zai dawo a maganar haɗari.

Idan ruwan ɗacin ya yi kauri sai ya daskare ya zama tsakuwa. Yawanci a cikin maɗaciya take haɗuwa, daga nan wata ta sulale ta faɗa bututun. Cikin masu fama da tsakuwar maɗaciya, kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ana samun wata a bututun ma. Wani lokaci kuma a cikin bututun kansa dutsen yake girma, har ga wanda aka riga aka cire wa maɗaciya.

Mu dai shawara muka gani. Ta yaya za a san dutse ne?

A nan ake yawan ɓata lokaci. Shawara alama ce, ba sunan cuta ɗaya ba. Ciwon hanta na kawo ta, sikila na kawo ta, toshewar bututu ma na kawo ta, kuma maganin kowanne daban. Shawarar toshewa tana da nata kamanni: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu sosai, bayan gida ya koɗe ya yi fari-fari, jiki ya riƙa ƙaiƙayi har mutum ya kasa barci. Sau da yawa akwai ciwo a saman ciki ta dama, ƙarƙashin haƙarƙari, mai harbawa zuwa baya ko kafaɗa.

Idan abubuwa uku suka haɗu, wato ciwon ciki ta dama, da shawara, da zazzaɓi mai rawar ɗari, to ruwan da ya taru a bayan dutsen ya kamu da ƙwayoyin cuta. Wannan ba na kyamis ba ne, ba na jiƙo ba ne, ba kuma taifot ko maleriya ba ce da za a ce a ƙara kwana biyu a gani. Idan mutum ya fara ruɗewa ko ƙarfin bugun jininsa (BP) ya faɗi, ransa na cikin haɗari. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na taimakawa, amma muddin ruwan na tsare, sai an buɗe masa hanya.

An yi sikanin ba a ga dutsen ba, amma likita ya ce a sake wani hoto mai tsada. Me ya sa?

Sikanin na yau da kullum yana ganin tsakuwar cikin maɗaciya sosai, amma ƙasan bututun yana ɓuya a bayan iskar hanji. Sau da yawa abin da zai nuna kawai shi ne bututun ya kumbura. Hoton MRCP, wanda ake ɗauka da injin MRI, yana nuna bututun daga sama har ƙasa, da girman dutsen, da yawansa, da ko akwai tsukewa a ƙarƙashinsa. Kuɗin nan ba asara ba ne. Shi ne zai gaya wa likita kayan aikin da zai tanada tun kafin ya shiga, kuma shi ne zai taimaka a bambanta dutse da ƙari, domin ƙarin kan fankiriyas ma irin wannan shawara yake kawowa.

Mene ne ERCP, kuma yaya ake yin sa?

Shi ne aikin isa ga bututun ta baki, ba tare da an yanka ciki ba. Ba sabon abu ba ne. A 1968 aka fara zura siririn bututu ta bakin nan a Amurka domin ɗaukar hoto, sannan a 1974 likitoci a Jamus da Jafan suka fara yanka zoben naman domin fitar da dutse.

Ana kwantar da majiyyaci rub da ciki ko a gefen hagu, a sa masa roba a baki don kada ya ciji na'urar, a yi masa allurar barci. Likita da ma'aikatan jinya suna sanye da riguna masu nauyi na dalma saboda hasken eksire. Sai a zura wata doguwar mesa mai kauri kamar yatsa, mai fitila da kyamara a gefen bakinta, ta bi maƙogwaro, ta wuce tumbi, ta isa farkon hanji. A kan allo ɗaya ana ganin cikin hanjin, ruwan hoda mai sheƙi, da ɗan tudun da bututun ke buɗewa a kansa. A allo na biyu hoton eksire ne. Ana zura siririyar waya cikin bututun, a ɗura wani ruwa da ke bayyana a hoto, sai duwatsun su fito a matsayin gurabe masu zagaye a tsakiyar ruwan. Daga nan a ɗan yanka zoben da wata waya mai ɗauke da lantarki, a shiga da kwandon waya ko ƙaramin balan-balan, a jawo dutsen ya faɗo cikin hanji. Idan hanya ta buɗe, za ka ga ruwan ɗacin da ya daɗe a tsare yana kwararowa, baƙi-baƙi, wani lokaci har da ruwan mugunya.

Aikin kan ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya, mai wuya ya fi haka. Da wannan hanya kaɗai ana share bututun a wajen mutum 85 zuwa 90 cikin 100. Sauran su ne masu wuyar, kuma babban dutse na kan gaba a cikinsu.

Yaushe ake kiran dutse babba?

Idan ya wuce milimita 15. Amma girma kaɗai ba shi ne labarin ba. Dutse mai milimita 12 da ke saman wani tsukakken wuri ya fi wahala a kan mai milimita 18 da ke cikin buɗaɗɗen bututu. Haka ma wanda ya cije ya ƙi motsi, da masu yawa da suka jeru, da wanda ya shige rassan bututun da ke cikin hanta, da na mutumin da aka taɓa yi wa tiyatar tumbi aka sauya tsarin hanjinsa.

To idan dutsen ya fi ƙofar girma, yaya ake yi?

Wanda ya taɓa fitar da babban gado ta ƙaramar ƙofa ya san dabara biyu ce: ko a faɗaɗa ƙofar, ko a kwance gadon a fitar da shi gunduwa-gunduwa.

Faɗaɗa ƙofa shi ne abin da aka fi farawa da shi yanzu. Bayan an ɗan yanka zoben, sai a zura dogon balan-balan mai faɗin milimita 12 zuwa 20, a hura shi sannu a hankali ana kallon hoto, har tsukin da zoben ya yi masa a tsakiya ya ɓace. A bar shi kamar rabin minti zuwa minti ɗaya, a sace, sannan a jawo dutsen. Likitoci a Turkiyya ne suka bayyana wannan dabara a 2003, kuma ta rage yawan buƙatar fasa dutse ƙwarai. Tana da ƙa'idoji biyu da ba a wasa da su: ba a hura balan-balan ya fi faɗin bututun kansa, ba a kuma yin ta idan ƙasan bututun a tsuke yake, domin zai iya yagewa.

Idan hakan bai isa ba sai a koma fasawa. Hanya mafi daɗewa, tun farkon shekarun 1980, ita ce kwandon ƙarfe. Ana kama dutsen a cikin kwandon, sai ma'aikaciyar jinya ta riƙa murɗa wani hannu daga waje a hankali, wayoyin suna matse dutsen a jikin wani bututun ƙarfe har ya tarwatse. Tana da sauƙin kuɗi kuma tana aiki. Matsalarta ita ce dole kwandon ya samu wurin zagaye dutsen. Idan dutsen ya cika bututun taf, ko ya kai milimita 30, nasararta na raguwa. Wani lokaci ma kwandon kan maƙale da dutsen a ciki, shi ya sa duk wurin da ke wannan aiki ya kamata ya ajiye na'urar gaggawa ta kwance irin wannan maƙalewa.

Hanya ta gaba ita ce shiga cikin bututun da kyamara. Ana zura wata 'yar mesa siririya ta cikin babbar, ta shige bututun kanta, likita ya ga dutsen ido da ido. Wadda aka fi sani ita ce SpyGlass, da ta fito a 2007, sabon samfurinta mai hoto tangaran kuma a 2015. Ana saita wata siririyar waya daf da dutsen, a harbe shi da leza, wato haske mai ƙarfi, ko da tartsatsin lantarki a cikin ruwa, ana yi ana wanke ƙurar da ke tashi, har ya farfashe a kwashe gutsattsarin. Ga dutsen da ya cije, a ganina babu kamarta. Sai dai tana da tsada, domin 'yar mesar sau ɗaya ake amfani da ita a jefar, kuma ba kowace cibiya ke da ita ba.

Akwai kuma fasa dutse daga wajen jiki da girgizar sauti, irin wadda ake yi wa tsakuwar ƙoda. Ana zuwa gare ta idan sauran sun gaza, kuma bayanta sai an sake shiga a kwashe.

An shiga da mahaifinmu, aka fito aka ce ba a cire dutsen ba, roba aka sa masa. Ba a ci kuɗinmu a banza ba?

A'a. Wannan tambayar ita ce ta fi damuna, domin rashin fahimtarta na jawo asarar rai.

Abin da ke kashe mutum ba zaman dutsen ba ne, tsarewar ruwan ne. Idan Baba ya zo da zazzaɓi da shawara jiki ya yi laushi, ko ya tsufa, ko jininsa ba ya daskarewa da kyau, to tsayawa awa biyu ana kokawa da dutse haɗari ne a gare shi. Likita mai hankali zai zura siririn bututun roba ya wuce ta gefen dutsen, bakinsa ɗaya a sama, ɗaya a cikin hanji, ruwan ya samu hanya, ya fito. Cikin kwanaki zazzaɓi ya sauka, ido ya fara washewa, ƙaiƙayi ya lafa. Robar kuma tana da wani amfani na biyu: a watanni biyu zuwa uku tana gogar dutsen, sau da yawa a dawo a tarar ya ragu ko ya yi rauni, fitar da shi ya zo da sauƙi.

Ga inda matsalar take. Mutum ya ji sauƙi, ya koma kasuwa ko gona, kuɗin dawowa ma ba su taru ba, sai a manta da robar. Ita kuwa ba ta zama ba ce. Tana toshewa, ƙwayoyin cuta su taru, wani sabon dutse ma ya gina a jikinta. Ƙa'ida ita ce a cire ta ko a sauya ta cikin wata 3 zuwa 6. Mun sha karɓar dattawan da suka wuce shekara da roba a jiki, aka kawo su ranga-ranga, wanda ya kawo su ma bai san an taɓa sa wani abu ba, domin ɗan da ya yi jinyar farko yana wani gari. Don Allah, kafin ku bar asibiti ku sa a rubuta muku ranar da aka sa robar da ranar dawowa, ku ɗauki hoton takardar a waya, ku tura wa 'yan uwa fiye da ɗaya. Kuma tun daga ranar ku fara tanadin kuɗin zagaye na biyu, domin aikin babban dutse sau da yawa ba ya ƙarewa a shiga ɗaya.

Mene ne haɗarin aikin?

Mafi yawa shi ne kumburin fankiriyas, saboda bakin bututunsa a wuri ɗaya yake da inda ake aiki. Yana samun mutum 3 zuwa 10 cikin 100. Yawanci mai sauƙi ne, a kwantar da mutum a yi masa ƙarin ruwa ya warke, amma wani lokaci yana tsananta. Don rage shi ana cusa maganin diclofenac ko indomethacin miligiram 100 ta dubura kafin a fara, ga wanda ƙodarsa ke lafiya. Kada majiyyaci ya ji kunyar wannan, kariya ce. Zubar jini daga wurin yanka na samun mutum 1 zuwa 2 cikin 100, hujewar hanji ko bututu kuwa bai kai 1 cikin 100 ba.

Bayan an koma gida, idan aka ga ciwon ciki mai tsanani da ba ya lafawa, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko zazzaɓi, ko baƙin bayan gida, a dawo asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.

Wane shiri za mu yi?

A daina cin abinci aƙalla awa 6 kafin aikin. A gaya wa likita duk magungunan da ake sha, musamman masu tsinka jini irin su warfarin da clopidogrel, da na sukari, da na gargajiya ma, kada a ɓoye. Kada kuma a dakatar da wani magani ba da izininsa ba. A cire haƙoran roba, a zo da duk hotuna da sakamakon gwaji, a zo da mai rakiya, domin wanda aka yi wa allurar barci ba zai tuƙa mota ko babur a ranar ba.

An ce man zaitun da lemon tsami na wanko duwatsun. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne. Koren dunƙule-dunƙulen da ake gani a bayan gida bayan an sha wannan haɗi ba duwatsu ba ne, man ne ya haɗu da ruwan hanji ya daskare. Dutse mai milimita 15 ba zai wuce ta ƙofar da likita ma sai ya yanka ya faɗaɗa ba. Shan mai da yawa kuma yana sa maɗaciya ta matse da ƙarfi, ta ƙara turo wata tsakuwar cikin bututun da ya riga ya toshe.

Ɗana mai sikila ne. Shi ma za a iya yi masa? Mai juna biyu fa?

Masu sikila suna samun tsakuwar maɗaciya tun suna ƙanana, saboda yawan fashewar ƙwayoyin jini na cika ruwan ɗaci da launin da ke daskarewa. Abin lura a wajensu shi ne an saba ganin idonsu da ɗan rawaya, sai a ɗauka ciwon ne ya motsa. Idan rawayar ta ƙaru fiye da yadda kuka saba, bayan gida kuma ya koɗe, a duba bututun. Ana yi musu aikin, tare da likitan jini, a tabbatar an yi ƙarin ruwa, da iskar shaƙa, da ɗumi, wani lokaci da ƙarin jini.

Mai ciki ma ana yi mata idan buƙata ta kama, a taƙaita hasken eksire sosai. Watanni uku na tsakiya sun fi dacewa, amma idan zazzaɓin toshewa ya zo ba a jira.

An share bututun, sai kuma aka ce a cire maɗaciyar. Ba a gama ba ke nan?

Yawanci maɗaciyar ce ke ƙera tsakuwar. Idan tana nan da wasu a ciki, wata za ta sake faɗowa. Shi ya sa ake ba da shawarar cire ta ba da jimawa ba, cikin mako biyu idan hali ya yi, kuma galibi ta ƙananan huji ake yi. Mutum na rayuwa lafiya ba maɗaciya, ya ci tuwonsa, ya yi azuminsa. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin, kuma za ta ci gaba da yi.

Yaushe tiyata ta fi dacewa?

Idan an gwada dabarun nan ba su ci ba, ko babu kayan fasa dutsen a kusa, ko tsohuwar tiyata ta hana mesa isa wurin, ko dutsen ya ci ya haɗe maɗaciya da bututun. Likitan fiɗa zai buɗe bututun ya cire dutsen, ya cire maɗaciyar a lokaci guda. Ba koma baya ba ne. Ga matashi mai ƙarfin jiki da ke da ƙaton dutse, tiyata ɗaya a hannun gwani kan fi masa shiga uku ta baki, a lafiya da a aljihu.

A nan Abuja daga ina za mu fara? Ko gara mu tafi Indiya ko Masar?

Ku fara da ganin likitan ciki da hanta ko likitan fiɗa a babban asibiti, irin Babban Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Su ne za su tantance su kuma tura ku inda ya dace. Cibiyoyin da ke yin ERCP a Najeriya ba su da yawa, kuma kayan aikin daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Don haka kafin ku biya ku tambaya a fili: kuɗin ya haɗa da balan-balan da kwando da roba? Idan dutsen ya ƙi fita, wace dabara ce ke nan a ajiye? Shiga ta biyu nawa ce? Idan matsala ta taso da dare, akwai likitan fiɗa da gado? Mai inshorar lafiya ta NHIA ya tambayi abin da tsarinsa ya ɗauka tun kafin ranar aiki.

Game da tafiya waje, mai zazzaɓi da shawara ba ya jiran biza. A buɗe masa hanya a nan tukuna, ko da roba ce, sauran magana ta biyo baya idan ya miƙe.

Za a ba mu dutsen mu gani? Kuma zai iya dawowa?

Yawanci ba a fito da shi ta baki. A cikin hanji ake sakin sa, ya bi bayan gida ya fita. Abin da za ku nema shi ne rahoton aikin da hoton ƙarshe da ke nuna bututun ya share. Dawowa kuwa yana yiwuwa ko bayan shekaru, musamman ga wanda bututunsa ya buɗe sosai ko aka fasa masa dutse, domin ɗan gutsuren da ya rage na iya zama tushen wani. Duk ranar da ido ya sake rawaya ko zazzaɓi mai rawar ɗari ya dawo, ku ɗauko wannan rahoto ku nuna wa likitan da zai fara ganin sa.